Makirufon Mama Mai Jan Salatef

Masu turo min saƙo kuna cewa ina ja wa Injiniya aji, na ji ku. Har da wadda ta ce in ba na so in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa, ki daure ki karanta abin da bawan Allahn nan ya yi min yau Lahadi tukuna. In kin gama kina nan a kan bakanki, sai mu yi magana.

Ga waɗanda yau suka shigo, ni ce Doremi. Ba shi ne sunana na gaskiya ba, Mama ce ta laƙaba min tun ranar da na ce kiɗa da waƙa zan karanta, ya kuma bi ni har Fasto ma da shi yake kirana. Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon kiɗa. Da safe aji, da yamma in ba gwajin mawaƙan makaranta ba to na mawaƙan cocinmu, ranar Lahadi kuma ni ce a kan fiyano. A makaranta a ce ina wage baki irin na 'yan coci, a coci a ce ina waƙa kamar mai kurkure baki. Akwai ranar da gajiya ta sa ina cikin bas na ɗaga hannun hagu na ba kwandasta alamar ya sassauta murya. Mutumin ya ɗauka sauka zan yi, ya tsayar da mota.

Abin da ya rage min a makarantar nan jarrabawa ɗaya ce, ta jagorancin mawaƙa. Za ka tsaya a gaban mawaƙan da kake aiki da su, a wurin da suka saba waƙa, malama ta zo ta zauna cikin jama'a tana kallon hannunka. Na taɓa yin ta na faɗi. Wata mai siririyar murya ta kauce a tsakiyar waƙa, na rikice na sauke hannu, kowa ya yi shiru. Dokar makaranta kuma ba a faɗuwa sau biyu. In na sake faɗuwa, shekarun da na yi sun tafi a banza.

Malamar da ke yin jarrabawar, Malama Sake muke ce mata a bayan idonta. Ko ka yi waƙar da za ta sa mutane kuka, za ta dube ka ta saman tabarau ta ce, "Sake." Ba ta taɓa gaya min wata kalma mai tsawo ba sai ranar da na faɗi. Ta ce, "Ko rufin ɗakin ne ya faɗo, hannun jagora ba ya tsayawa."

Ranar Asabar da yamma ina falo na baje takardun waƙa a kan tebur, ina kaɗa wa kujeru hannu. Mama na gefe tana goge rigar mawaƙa, mai ruwan hoda da farar kwala, tana kallona ta wutsiyar ido.

"Doremi, yaron nan fa ba zai yi ta jira ba."

"Mama, gobe jarrabawata."

"Jarrabawar ɗaga hannu? Ɗan sandan da ke mahaɗar hanyarmu kullum yana yi a rana, ban ji an ce ya je makarantar kiɗa ba."

"Mama, don Allah."

"Ni dai na gaya miki. In kin faɗi, ga shago nan, ki zo ki zauna. Zare da maɓalli ba sa kuskuren murya. Sai a sa ranar aure kowa ya huta." Ta ɗaga dutsen gugar ta nuna min. "Kin ga wannan? Har na jefar da shi. Wa ya tashe shi?"

Injiniya ne ya tashe shi, ai ba sai an tambaya ba. Shi da bakinsa yana cewa mai gyaran wuta ne kawai, Mama ce ta ƙara masa girma. Fankokin coci aka kira shi ya gyara, ya ganni a kan fiyano, tun daga ranar kuma wayoyin cocinmu ba su sake samun lafiyar da za a daina duba su ba. Dogo ne, rigarsa kullum a goge, da ɗan sukundireba a aljihun gaba inda wasu ke sa biro. Matsalarsa ɗaya, idonsa ba ya iya ganin abu a lalace ya wuce. Ya gyara mana firji. Ya gyara rediyon Baba. Ƙofar banɗakinmu da muka saba tokare ta da bokiti, ya zo gaisuwa ya fita ya bar ta tana rufuwa lau, na yi kwanaki ina shiga ina neman bokitin.

Tsakanina da ku, ina son shi. Kawai dai in na amsa yanzu, Mama za ta ce ai ga miji, a naɗe takardun kiɗan nan a sa a ƙarƙashin gado. Shi ya sa nake ɗaure fuska in ya zo. A wayata ma Mai Fanka na rubuta masa, don ko an gani a ɗauka harkar gyara ce.

Kafin mu je Lahadi dole in buɗe muku wani sirri na mawaƙan cocinmu, in ba haka ba ba za ku gane komai ba.

Mama tana cikin mawaƙa tun ina goye. Ba ta fashin gwaji, ita ke wanke kwalar waɗanda ba su da lokaci, ita ke zuwa dubiya in wani ba shi da lafiya. Amma Allah bai ba ta murya ba. In waƙa ta nufi gabas, Mama na yamma, kuma da ƙarfinta take tafiya. Ga shi ita ce babba a cikinmu, ba a isa a hana ta makirufo ba. Baba kuma shi ke zama a bayan coci a kan na'urar sauti tun da ya yi ritaya. Shekarun baya, wata rana ba kowa, ya kwance kan wayar makirufo ɗaya ya yanke wani siririn zare a ciki ya mayar ya rufe. Ya naɗa masa jan salatef, ya ce wannan na manya ne, na Maman yara ne ita kaɗai. Aka tsayar da ita a can ƙarshen layi kusa da mai ganga. Duk wanda ya shiga ƙungiyar, a makonsa na farko za a ja shi gefe a ce masa, jan makirufon nan ba a taɓa shi, ba a kuma maganarsa. Kowace Lahadi a mota Baba zai gyara madubi ya ce, "Yau kam muryarki ta fita, Maman yara." Ita kuma ta ce, "Allah ne." Haka muke zaune lafiya.

To, ina cikin kaɗa wa kujeru hannu wayata ta yi ƙara. Mai Fanka. Na tattara takardu na shige ɗaki.

"Malama Doremi, na shirya miki 'yar kyauta ta gobe."

"Mene ne?"

"In na faɗa ai ta lalace."

"Ba na son abin da zai ɗauke min hankali."

"Taimakonki zai yi. Fasto ne ma ya ba ni makulli."

Na zauna a bakin gado ina murmushi ni kaɗai. Akwai wata fanka a saman inda jagora ke tsayawa, tana ƙiiƙii a kan nata lokacin, ta sha rikita min ƙidaya. Na ce a raina, Allah sarki, ya lura. Na rubuta masa "Na gode" har da ɗan hoton fure, na goge furen, na tura.

Ranar Lahadi na sa baƙar doguwar riga mai dogon hannu da takalmi mara tsini, na tufke gashina baya, ko ɗan kunne ban sa ba don Malama Sake ba ta son abin da ke lilo a jikin jagora. Na shirya da wuri. Baba ya shirya, ya tayar da mota, ya kashe, ya sake tayarwa. Mama na gaban madubi tana fama da wani sabon ɗankwali mai tauri, ta ɗaura ta kwance, ta ɗaura ta kwance. Da ta fito, abin ya yi hawa biyu ya rufe kunnuwanta ruf.

"Maman yara, za ki ji wa'azi kuwa?" in ji Baba.

"Me ka ce?"

"Na ce ya yi kyau."

Muna shiga ana addu'ar buɗewa. Babu lokacin gwada komai. Na zauna a gaba na waiga, sai na hango Baba a gaban na'urarsa yana sa tabarau yana cirewa. Na'urar nan Baba bai san ta da lamba ba, da tabo ya san ta. Maɓallin da ya ɗan fashe na Fasto ne, wanda ya manna wa guntun takarda na fiyano ne, mai ɗigon fenti na maza ne. Yau kuwa sai sheƙi take yi, ba takarda ba fenti, wayoyin bayanta an jera su an ɗaure tsaf. Na ga haka amma ban kawo komai ba, hankalina na kan Malama Sake. Tana zaune a tsakiya cikin kwat mai ruwan toka, daidai ƙarƙashin babbar lasifika, biro a hannu. A layin gaba kuma ga Injiniya cikin sabuwar riga, ya ɗaga min babban yatsa. Na ɗaga kai sama, fankar tana nan tana ƙiiƙii ɗinta. Ashe ba ita ce kyautar ba.

Fasto ya ce, "Yau 'yarmu Doremi za ta jagoranci waƙa, kuma muna da baƙuwa daga makarantarsu." Aka tafa. Mawaƙa suka miƙe. Wata 'yar ajinmu da na roƙa ta riƙe min fiyano ta ba da sauti. Waƙar ni na tsara ta: baiti biyu, sai wani wuri a tsakiya da ake bin ta da baki a rufe a hankali, sai baitin ƙarshe da ƙarfi. Na ja numfashi na ɗaga hannu.

Layin farko ya tafi daidai. A na biyu wani abu ya taso daga bayana, daga cikin lasifika, ya ratsa waƙar ta tsakiya. Na san muryar nan. Ita ce ke tashina daga barci tun ina firamare.

Na dubi ƙarshen layi. Mama ta rufe ido, ta riƙe jan makirufonta da hannu biyu, tana zuba waƙa iya ƙarfinta. Lasifikokin cocinmu a jikin ginshiƙai suke, sun ba mawaƙa baya, ga mai ganga a kunnenta, ga ɗankwalin nan da ko tsawa ba ta huda shi. Ba ta san abin da ke faruwa ba. Na kalli Injiniya, yana washe baki yana nuna min makirufon da haɓa. Kyautata ke nan.

Hannuna na dama ya fara saukowa da kansa, irin na wancan karon. Sai na ji maganar rufin ɗaki a kunnena. Na cije leɓe na mayar da shi sama.

Na juyar da kai kaɗan na zare wa Baba ido. Ya riga ya miƙe tsaye, gumi na bin wuyansa. Ya kama maɓalli ɗaya ya ja ƙasa, muryoyin 'yan mata suka ɓace. Ya ja na kusa da shi, fiyano ya mutu, 'yar ajinmu na ta danna abu ba sauti. Ya ja wani, muryar Fasto da ke bin mu ƙasa-ƙasa ta ɗauke, wannan kam ba a yi asara ba. Ya ja na maza. Kafin mu gama baiti na biyu Baba ya kashe kowa a cocin nan, ban da matarsa.

Na yi wa matar da ke tsaye kusa da Mama alama da gira ta karɓe makirufon. Matsoraciya, sai ita ma ta rufe ido wai ruhu ya sauko mata.

Na ce a raina, in muka kai wurin rufe baki an tsira, ai ba mai kauce wa waƙa da baki a rufe. Na haɗe yatsu na ba da alama. Ganga ta tsaya, muryoyi suka sauka, mawaƙa suka shiga bin waƙar a maƙogwaro. Coci ta yi tsit. Na fara jin numfashina na dawowa.

Sai lasifika ta yi raɗa.

"Ya Uba, ni ce kuma."

Ban taɓa sanin Mama na yin haka ba. Daga inda nake tsayawa a gwaji, in na ga leɓenta na motsi a wurin nan, ɗauka nake ta manta ne an ce a rufe baki.

"Ka ga yarinyar nan a gabanka. Ka riƙe mata hannun nan kada ya sauka. Ni ce ke cewa ta zo shago, amma ka san bakina, kada ka biye min. Ba na son ta a shagon nan, ko launin zare ba ta iya bambancewa. Na ga yadda take jiƙa yatsunta a ruwan ɗumi, na ga ta yi barci a kan takardu da takalmi a ƙafa. Abin da ka hana ni ka ba ta, Uba, kada ka bari ya lalace a hannuna."

Wurin rufe bakin ya zo ƙarshe. Abin da ya kamata in yi shi ne in buɗe hannu mu shiga baitin ƙarshe, Mama ta koma waƙa, a rufe maganar. Na sani sarai. Amma tun da aka haife ni ban taɓa jin matar nan ta faɗi irin wannan a kaina ba, kuma na so in ji ƙarshensa. Sai na juya yatsa na ba su alamar maimaitawa. Mawaƙan suka bi ni, wasu kafaɗunsu na rawa.

"Ka taɓa zuciyar matar nan mai tokar kwat. Fuskarta ba annuri ko kaɗan, amma ba abin da ya fi ƙarfinka."

Wani ya yi tari a baya, irin tarin da ba na mura ba. Ban waiga ba. Da na waiga da na mutu a tsaye.

"In ka gama da wannan, ga maganar Injiniya."

Yanzu kuma na so in katse ta, ba hali, mun shiga tsakiyar layi. Na ƙara sauri, mawaƙa suka ƙara, Mama ma ta ƙara.

"Tana son shi, Uba, taurin kai ne irin na babanta. Ta sa masa Mai Fanka a waya, ta ɗauka ban iya karatu ba. In saƙonsa ya shigo sai ta shige ɗaki tana washe baki. Ka haɗa su kafin 'yar mai kemis ta riga ta. A cikin sunan Yesu."

Kun san 'yan coci. Duk inda aka kai nan, baki ba ya shawara da kai. Coci guda, har da Fasto, har da Baba a can baya, suka ce, "Amin." Wata murya a layin gaba ta fi ta kowa, ba sai na gaya muku ta wa ba.

Wannan kam ya huda ɗankwalin. Mama ta buɗe ido. Ta dubi jama'a, ta dubi makirufon. Ta sa yatsa ta ƙwanƙwasa kansa, ginin duka ya amsa dum, dum. A daidai lokacin Baba ya samu dabarar da ya kamata ya yi tun farko, ya fizge babbar wayar daga bango.

Ba fiyano, ba lasifika, sai fankar nan da hannuna da ke tafiya har yanzu. Hawaye sun cika min ido, takardar gabana ta zama ruwa. Na buɗe hannu biyu na jefa su cikin baitin ƙarshe, suka shiga da muryoyinsu zalla. Na ɗan juya na ɗaga wa jama'a hannu, su ma suka miƙe suka kama, don dama neman abin yi da bakinsu suke kafin dariya ta ƙwace.

Mutum ɗaya ce ba ta waƙa. Mama ta sauke makirufon gefen cinyarta, bakinta a rufe, tana kallon ƙasa. Shekarun nan duka in ina ba kowane layi alamar shiga, idona tsallake ta yake yi. Sai na miƙa hannun hagu can ƙarshen layi, na jira har ta ɗago, na ba ta alama ita kaɗai. Sannan ta buɗe baki ta shiga, a yammacinta kamar kullum, muka kai ƙarshe tare.

Bayan an tashi, na samu Malama Sake a waje kusa da motarta. Na rusuna na gaishe ta.

"Kin maimaita wurin rufe baki," in ji ta. "Ba haka yake a takardar da kika ba ni ba."

"E, Malama."

"Me ya sa?"

"Ba ta gama ba ne, Malama."

Ta dube ni ta saman tabarau. Na ga leɓenta ya haɗu zai fitar da kalmar nan tata.

"Ba sai kin sake ba," ta ce. Ta buɗe mota ta shiga, sannan ta sauke gilashi. "Ki gaya wa mahaifiyarki ina da annuri. Ba na zuwa da shi wurin aiki ne."

Ina juyowa ga Injiniya, sabuwar rigarsa ta jiƙe da gumi. "Doremi, wallahi a yanke na ga wayar, na ɗauka ɓera ne. Na ce ranar jarrabawarki bai kamata a ce makirufon Mama ba ya..."

Na wuce shi. Ba fushi ba ne kaɗai, kunya ce ta hana ni kallon fuskarsa. Ga matan coci sai raɗa suke suna nuna fanka da baki, 'yar mai kemis kuma ta shige motar babanta ta bugo ƙofa.

Muka shiga mota. Mun kai rabin hanya Baba ya gyara madubi, bakinsa ya tafi inda ya saba. "Yau kam muryarki..." Sai ya haɗiye sauran.

"Ƙarasa mana," in ji Mama. "Ta fita."

Muna isa gida Baba ya tuna wai tayar baya na son dubawa, ya tsugunna a waje. Mama ta shige kicin da rigar mawaƙan a jikinta, ta ɗora tukunya, ta shiga wanke shinkafa kamar da ita take faɗa. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, ki yi haƙuri. Dukkanmu mun san makirufon ba ya aiki, ba wanda ya gaya miki."

Ba ta juyo ba. "Kin ɗauka uwarki wawiya ce? Tun makon farko na ƙwanƙwasa shi na ji shiru."

"To me ya sa kika ci gaba da riƙe shi?"

"Mutum ya zauna ya yanke waya don kada a yi wa matarsa dariya, ya naɗa jan salatef don kada ranta ya ɓaci, kowace Lahadi ya shirya mata ƙarya mai daɗi a mota. Sai in ce masa na gane?" Ta tsiyaye ruwan. "Ni ma na samu abin da nake so. A gidan nan ko banɗaki na shiga sai an ƙwanƙwasa a ce ina almakashi. A can kuwa in sa abin nan a bakina in yi magana da Ubangijina, kowa na ɗauka waƙa nake."

"Amma yanzu Baba ya gane kin sani."

"Ya gane. Ba zai faɗa ba, ni ma ba zan faɗa ba. Ran Lahadi zai ce muryata ta fita, in ce Allah ne." Ta nuna ni da ludayi. "Kuma abin da kika ji ɗin nan ba da ke nake ba. Sauraron maganar mutane ba tarbiyya ba ce."

"Na ci jarrabawar, Mama."

Ludayin ya tsaya a iska. Ta juya min baya ta shiga gyara wutar da ba ta buƙatar gyara. Na ga ta kamo wutsiyar ɗankwalin ta kai fuska.

"Coci guda ta ce amin," ta ce. "Ta ina matar za ta kuɓuce?"

Na rungume ta ta baya. Ta bar ni kaɗan, sannan ta ture ni da gwiwar hannu.

"Za ki ƙona min riga. Je ki gaya wa Injiniyanki ya mayar min da abina yadda ya same shi kafin Lahadi. Da sauran maganganun da ban gama ba."

Na shige ɗaki na ɗauko waya. Saƙonninsa sun cika ta, daga ban haƙuri sai bayanin wace waya ce ke shiga ina. Na rubuta:

"Mama ta ce ka je ka lalata shi."

Ba a jima ba ya amsa. "Tun da na fara aiki ban taɓa lalata abu da gangan ba."

"To yau za ka fara."

"Zan yi. Har jan salatef zan sabunta mata."

Na ajiye wayar a kan gado. Ta sake ƙara.

"Mai Fanka ne ke magana. Kowa a cocin nan ya ce amin. Ni bakinki nake kallo, ke ba ki ce ba."

Na ɗaga labule don in sha iska, sai na hango shi a bakin get, da ɗan akwatin kayan aikinsa a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Baba ya bar taya ya je yana nuna masa da yatsu daidai inda ake yanke zaren. A kicin Mama ta ɗauko baitin ƙarshe, har kwanuka na amsawa.

Na rubuta kalmar, amin. Tana nan a gabana yanzu da nake ba ku labarin nan, yatsana a kan wurin turawa. Hannun da bai tsaya ba a gaban Malama Sake da coci guda, ga shi ya tsaya cak, Baba kuma ya fara buɗe get.